Kofaton Danda

A Sharabi in ka ce kana neman Manu, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan sun yi yawa a garin. Amma da ka ce Manu mai Danda, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan, can ƙarshen gari ta yamma, inda dangar kara ta karkace ta jingina da dogonyaro kamar mai gyangyaɗi. Daga bayan gidan sai fadama.

Manu Bafillace ne na gida. Kakansa ne ya gaji da yawo ya kafa bukka a gefen gari ya kama fartanya. Jikan ya tashi yana noman shinkafa da Hausa a bakinsa, Fillanci sai in ransa ya ɓaci ko yana magana da dabba. Dogo ne siriri, irin mutanen da in sun juya gefe sai ka neme su ka rasa. Malfar kansa ta girmi wasu magidanta a unguwar. Shanu ya taɓa yi, amma tsakanin ciwon huhu na wata shekara da aurar da 'ya'ya, garken ya yi ta raguwa har ya zamana turke ɗaya ya rage a gidan, a jikinsa kuma Danda.

Danda doki ne ja mai farin goshi, ƙafafunsa huɗu farare kamar ya taka cikin garin tuwo. Ba dokin ado ba ne, na tafiya ne. A kansa Manu yake zuwa gona, a kansa yake zuwa suna da ta'aziyya a Bahindi, a kansa yake cin kasuwar Lolo. In kewar 'yarsa da aka kai aure ƙasar Binin ta taso masa, sai ya bi hanyar shanu ya tsallaka, inda ba wanda ya taɓa tambayar doki takarda. Da gari ya cika da babura aka yi ta yi masa surutu ya saya, ya ce sai ranar da aka ƙera babur ɗin da zai kawo mai shi gida yana barci.

Dokin ƙauye ba a buga masa takalmin ƙarfe. Hanya ce ke cin kofato, tsakuwa da marmara su goge shi kullum, abin da hanya ta bari kuma sai mai gyara ya ƙarasa. Mai gyaran Danda, kamar yadda ya kasance mai gyaran dokin da ya gabace shi, Arzika maƙeri ne. Maƙerarsa na bakin babbar hanya, dab da kasuwa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa kamar saiwar kuka, bakinsa kuma bai san hutu ba. Duk wata biyu Manu zai tsaya a ƙofar maƙera, Arzika ya saƙale ƙafar dokin tsakanin cinyoyinsa, ya share da 'yar wuƙa, ya daidaita da magagari, yana yi yana zagin mai dokin.

Zagin kuwa halal ne, don tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na ce wa kowa bawansa. Arzika ya ce Bafillace ba ya wanka sai ruwan sama ya tare shi a daji, Manu ya ce maƙeri in ya yi wanka sai matarsa ta kasa gane shi. Sharaɗin wasan ɗaya ne tak, ba a fushi. Wanda ya yi fushi da abokin wasa ya ci wa kakanninsa fuska. Shekara arba'in suna haka, Manu bai taɓa karya sharaɗin ba.

Sai Barira ta rasu.

Barira matar Manu ce, ita kaɗai ya taɓa aura. Mace ce mai ƙarancin magana, mai yawan aiki. Ita ke dama masa fura, ita ke jiƙa wa Danda dusa da kanwa, ita ke share gindin turke kowace safiya ta zuba busasshen yashi, aikin da Manu bai taɓa lura ana yi ba sai da aka daina. Zazzaɓi na kwana huɗu ya ɗauke ta ana tsakiyar girbi.

Ranar sadakar bakwai, maza sun cika ƙofar gida an yi addu'a an shafa, kowa ya yi jugum, Manu na zaune kamar an dasa shi. Arzika ya dubi abokinsa, abin ya dame shi, ya yi abin da abokin wasa ke yi a irin wannan rana, wato ya tsokani mai makoki don ya dawo cikin mutane. Ya ce da ƙarfi:

"To Bahillace, Barira ta huta da kai. Yanzu sai ka ɗaura ma Danda zane shi riƙa dama maka hura."

Aka yi dariya. Har liman ya rufe baki da hannun riga. Manu ma ya yi dariya, don dole ne ya yi. Amma maganar ta shige shi ta wurin da ba ƙashi. Fushi da abokin wasa abin kunya ne, Bafillace ya buɗe baki ya ce an sosa masa rai saboda mace kuma abin kunya ne na biyu. Sai ya haɗiye duka biyun, ya shiga gida, bai sake taka ƙofar maƙera ba.

Sau biyu Arzika ya zo har gida. Ya tsaya bakin danga ya yi sallama, ya zagi Fulani tun daga na Sharabi har na bayan kogi, Manu na cikin ɗaki ya yi lamo kamar ba ya numfashi. Daga nan Arzika bai ƙara zuwa ba, Manu kuwa ya ce a ransa, ka gani ko, dama bai damu ba. In wani ya ambaci sunan maƙerin a majalisa sai ya tuna bai ba doki ruwa ba. An taɓa ce masa idon Arzika na ba shi wahala, ya ce hayaƙin gawayi ne, ya miƙe.

To ga inda abin ya shafi Danda, wanda bai zagi kowa ba. Daga gidan Manu hanya ɗaya ce doki zai bi ya fita gari, ita ce kuma ta bi ta ƙofar maƙera. Mutum a ƙasa zai iya kutsawa ta lungun bayan masallaci, amma doki da sirdi ba ya shiga wannan lungu. Saboda haka Manu ya daina hawa. Dama wurin zuwan ma ya ragu. Mijin 'yarsa ya kwashe ta sun yi nisa cikin Binin, ɗansa na Ikko sai gaisuwa ta 'yar wayar da ya aiko masa, gona kuma ya ba wani yana nomawa. Sirdi ya hau rataya, gizo-gizo ya kama haya a likkafa.

Ya kwance dokin daga tsohon turkensa ya dawo da shi ƙofar ɗakin Barira, gindin rumfa, kusa da randa, inda zai riƙa ganinsa daga shimfiɗarsa. Da zafi sai ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙafar dokin ta ji sanyi. Ya ba shi harawa, ya ba shi dusa, Danda ya yi ƙiba har gadon bayansa ya yi kwari. Maƙwabta kuwa, da yake dangar kara ba ta riƙe sirri, sun sha jin hira da hantsi. Manu na ba doki labarin tsadar taki, yana tambayarsa ko ya tuna shekarar da ruwa ya ci fadama, yana yi masa faɗa da Fillanci in ya zubar da ruwa. In ya sayo fura ya dama da kansa, guda-guda kamar tsakuwa, ya sha rabi ya miƙa wa dokin sauran. Ashe dai maƙeri bai yi ƙarya da yawa ba, wanda ke damawa kawai ya kuskure.

Kofato ba ya jiran kowa ya huce. Ya yi ta tsawo ba hanyar da za ta goge shi. Shekarar farko Manu ya ɗan fiffiƙe da wuƙar yankan albasa. Shekara ta biyu kofaton gaba ya fara lanƙwasa sama kamar goshin kwalekwale. Damina ta uku ta zo da ruwa mai yawa, gindin rumfa ya zama taɓo, fitsari da kashin doki da ruwan randa suka haɗu, ba Barira ba yashi. Wari ya fara tsallaka danga. In ka ɗaga ƙafar baya sai ka ga tsakiyarta ta yi baƙi ta yi laushi kamar ruɓaɓɓen rogo. Danda ya fara ɗingishi a inda yake tsaye, yana sauya ƙafa kamar mai jiran layin rijiya.

Kowa a unguwar ya san maganin, kowa ya san inda maganin ke zaune, tafiyar da ko agwagwa za ta yi ba ta huta ba. Manu ya ce shi zai nemi mai gyara na zamani.

Na zamanin shi ne Badamasi, wani magidanci mai babur da ke zagaya kasuwanni daga Dole Kaina har Bagudo da akwatin magungunan dabbobi. Yana yanke wa shanu kofato, yana dandaƙe bunsuru, yana sayar da maganin ɓera, in ka matsa masa zai duba maka rediyo. Ya zo ranar wata Laraba da baƙin tabarau, ya zagaya dokin sau ɗaya, ya ce:

"Baba, wannan ai aikin minti goma ne. A tsallake na koyo, wurin masu dawakin tsere. Tsofaffin nan namu sai su yi ta shafa ƙafa kamar masu neman aure."

Wannan magana ta yi wa Manu daɗi fiye da yadda ya kamata. Ya riƙe ragama, Badamasi ya zaro adda da guduma. Kofaton da ya shekara uku yana tsiro, mai sani a hankali yake rage shi, yau kaɗan, bayan mako biyu kaɗan, don naman ciki ya biyo tsawon. Badamasi ya sare shi a zama ɗaya. Ya yi kyau a ido kam, gajere dagwas kamar na ɗan maraƙi. Sai jini ya biyo ta ƙafar hagu ta gaba. Ya fesa wani shuɗin magani, ya ce gobe zai yi sukuwa, ya tada babur.

Washegari Danda bai yi sukuwa ba, rawa ƙafafunsa suka yi ta yi. Rana ta biyu ya durƙusa, ya kwanta cikin taɓon, ya ƙi dusa. Doki in ya kwanta ya ƙi tashi, kowa ya san inda aka nufa. Manu ya zauna a kan turmi yana kore masa ƙuda da malfa, ba ya ko hirar.

Labari ya kai kunnen mutanen nan masu babbar mota da ke bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin dawaki da jakai su yi kudu da su, ba kuma don hawa ba. Ɗayansu ya yi sallama da safe rana ta uku, ya leƙa ta saman danga, ya ce cikin ladabi:

"Baba, in ya mutu a nan sai dai ungulu. Mota na nan har la'asar. Mu huɗu ne, za mu iya ɗaga shi."

Manu ya dubi dokin, dokin ya dube shi da ido ɗaya, ɗayan na cikin laka. Ya tashi ya shiga ɗaki ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya ɗauki sanda. Ya kai ƙofa ya dawo ya ciro wani lauje daga jinka, don Bafillace ba zai tafi roƙo hannu biyu ba tare da wani dalilin da zai fake da shi ba. Sannan ya bi babbar hanya a ƙasa, ranar kasuwa, mutane na buɗe baki suna kallo.

Maƙerar ta ba shi mamaki tun daga nesa, don ba ƙara. Ba hayaƙi. Zugazugi na rataye sun bushe, kaji sun yi kashi a kan uwar maƙera. Arzika na zaune a kan kututturensa na da, ya rame, hannuwansa a kan gwiwa. Manu ya yi sallama. Arzika bai juyo da fuska ba, kunne ya juyo.

"Wa alaikumus salamu. Wagga murya kamar ta bawan nan nawa da yag gudu."

"Bawa ai shi ka zama cikin toka," in ji Manu.

Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Lafiya, gida, ruwa, gajiya, labarin yara. Da gaisuwa ta ƙare aka sake ta daga farko. Sannan Manu ya ce ya kawo lauje ne, haƙoransa sun mutu, ya miƙa. Arzika ya miƙo hannu ya kama iska, taƙi guda daga inda laujen yake. Sai a lokacin Manu ya dubi idon abokinsa sosai. Duka biyun sun yi fari kamar an ɗiga nono.

"Tun yaushe?"

"Tun bara waccan. Kowa ya sani, har awaki. Bahillace ɗai yar rage, shi da ba shi tambaya." Arzika ya laluba ya karɓi laujen, ya shafa bakinsa da babban yatsa. "Wanga lauje lahiya tai lau, ya hi ka haƙora. Ƙasa kat taho, Manu. Shekara ukku ina nan zaune, duk sawun da yab bi hanyar ga na san mai shi. Jakin mai itace, shanun huɗa, har akuyar liman mai ɗingishi. Danda ɗai ban ji ba. Tsaye shike ko kwance?"

Manu ya dubi kajin.

"Kwance."

"Kwana nawa?"

"Ɗaya, tun jiya."

"Wa yat taɓa shi?"

"Badamasi."

Arzika ya yi salati ya tafa hannu. "Mai maganin ɓera? Kai, Allah dai shi ba Hillani hankali, ko da aro na. Miƙo min burgamin kayan aikina, ga shi can rataye bisa ƙusa. Ka ba ni bakin sandarka."

Haka suka ratsa kasuwa, Manu a gaba riƙe da kan sanda, Arzika a baya riƙe da gindinta, burgami a kafaɗa. Manu ya ja malfa har hanci. Arzika kuwa ya samu abin da ya shekara uku yana nema, sai sanarwa yake yi ta kowace rumfa: "Jama'a ku shaida, bawana ya dawo da kai nai, ga shi shina ja na. Ku yi mishi a hankali, bai saba tahiya ƙasa ba." Masu tumatir suka yi ta dariya. Mai babbar mota na zaune a inuwa yana shan rake, suka wuce shi.

Tun daga ƙofar gida Arzika ya toshe hanci. Ya taka taɓon ya tsaya.

"Nan kaka ɗaure shi? Cikin wagga laka? Doki na ko kada? Ina yashin da Barira ka zubawa?"

Ya durƙusa da rigarsa, ya yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa, Danda ya ɗaga kunne ya yi wani ɗan gurnani. Arzika ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu. Na baya ya sansana ya ce ruɓa ce, za ta ji magani. Ta dama ta gaba ya ce an yi mata aski har ƙwarya amma za ta tsiro. Da ya kai ta hagu ya daɗe riƙe da ita.

"Ga ta nan. Taɓa ka ji, zahi kamar ƙarhen da anka cire wuta. Ƙazanta ta shiga inda yas sare, bakin ya rufe, mugunya ta taru ba ta da hanya. Zauna bisa wuya nai. In ya halbe ni, kai za ni rama ma."

Ya ƙwanƙwasa ƙasan kofaton da ƙotar wuƙa, nan, nan, nan, har inda dokin ya zabura. Ya ɗora babban yatsa a wurin, ya sa 'yar wuƙarsa mai lanƙwasa ya fara shara siriri-siriri kamar mai feren kabewa, yatsan na gaba wuƙar na biye. Manu ya rufe ido, shi mai idon. Can sai wani baƙin ruwa ya tsarto da warin da ya kori kajin maƙwabta. Danda ya ja dogon numfashi ya saki jiki.

Aka dafa ruwa da gishiri aka wanke. Arzika ya kankare ruɓar ƙafafun baya, ya kwaɓa garin bagaruwa da man kaɗe ya cusa. Ya ce gobe a kira malamin dabbobi daga Bagudo ya yi allura, don abin da ke cikin jini ya fi ƙarfin wuƙa. Sannan ya miƙa hannu baya.

"Tsumma. Mai tsabta, mai ƙwari, mai yawa. Ƙahwa huɗu za mu naɗe."

Manu ya duba gidan. Gidan da ba mace shekara uku, tsumman da ke ciki ko jaki ba zai yarda a naɗa masa ba. Sannan ya tura ƙofar ɗakin Barira, wadda bai buɗe ba tun ranar bakwai. Ya daɗe a ciki. Ya fito da zane a ninke, shuɗi mai ratsin fari, wanda takan ɗaura in za ta suna. Ya sa haƙori ya ɓarka shi gida huɗu, ya miƙa.

Arzika ya karɓa. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai hanci. Ƙamshin turaren wuta da na adaka bai gama fita ba. Hannunsa ya tsaya cak.

Duk wanda ya san Arzika ya san abin da ke kan harshensa a wannan lokaci. Ga Bafillace, ga Danda, ga zane. Maƙwabtan da suka yi layi a jikin danga har sun fara gyara baki. Arzika ya buɗe baki, ya rufe. Ya sunkuya ya fara naɗi, a hankali, yana ɗaure kowace ƙafa da igiyar rama. Tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya yi shiru mai tsawon wannan ba.

Manu ne ya yi magana, yana kallon danga.

"Hwaɗi mana, maƙeri. Ga shi na ɗaura mishi zanen. Hurar ɗai ta rage."

Arzika bai ɗago ba. Ya ƙulle igiyar ƙarshe, ya shafa ƙafar dokin.

"Ashe ita ta," ya ce. "Shekara ukku ina lissahin abin da niy yi maka. Har na ce ko wuƙar nan ta da nib ba ka mai sanyin baki." Ya goge hannu a riga, ya goge fuska da bayan hannun. "Da ka zo ka zage ni, Manu. Ai don haka anka yi mu."

"Ba a hushi da abokin wasa."

"Shi ya sa kab bari doki ya yi maka hushin."

Kafin la'asar maƙwabta sun tallafa an ja Danda a kan buhuna zuwa tsohon turkensa mai tudu. Manu ya yi ta jidar yashi a kwando daga bakin fadama, da rigar Juma'ar tasa. Babbar mota ta tashi ba shi. Kwana biyar bayan nan, da hantsi, aka ji Manu na faɗa da Fillanci, aka leƙa, sai ga Danda tsaye a kan ƙafa huɗu masu shuɗin zane, ya tura baki cikin ƙwaryar furar mai gidan.

Ƙafar hagun ba ta koma kamar da ba, hawa mai nisa ya ƙare. Amma Arzika ya kafa doka: kowace safiya a ja dokin a kan tsakuwar babbar hanya, daga gida zuwa maƙera, a dawo, don kofato ya sami abin gogawa. Duk mako biyu kuma a rage kaɗan. Da yake hannunsa ya fara gajiya, sai ya riƙa kama hannun Manu yana ɗora shi a kan magagari, yana cewa a hankali, ba rogo kake kankara ba. Gari ya samu abin faɗi, wai Bafillace ya shiga koyon ƙira da furfura. Wata biyar aka yi haka, zagi na tashi daga maƙera kamar an hura wuta.

Bayan girbi Mariyamu, 'yar Arzika da ke aure a Dole Kaina, ta zo da mota ta ce ba za ta bar tsoho shi kaɗai yana laluben buta ba. Ba wanda zai ce ba ta yi daidai ba. Arzika ya bar wa Manu burgamin, ya ce aro ne, kada Bafillace ya sayar ya sayi nono.

Har yau Manu na jan Danda kowace safiya zuwa maƙera. An sa mata kwaɗo, kaji sun gaje rumfar. Yakan zauna a kan kututturen ya ɗan jima, dokin na tsaye, ba mai zagin kowa. Ranar Juma'a Mariyamu kan kira 'yar wayarsa ta miƙa wa tsohon. Ba sa doguwar gaisuwa. Arzika zai ce a kai wayar ƙasa, sai ka ga dogon mutum ya duƙa a tsakiyar hanya, waya a hannu dab da tsakuwa, yana jan doki taku goma gaba, taku goma baya, masu babur na kauce masa. Sannan ya mayar da ita kunne.

"Ta dama ta baya ta yi tsawo," muryar za ta ce daga can bakin kogi. "Rage ta waje, kaɗan. Kuma kai ma ja da ƙahwa kakai, bawana. Wa ka dama maka hura?"

"Danda," in ji Manu.

Sai katin ya ƙare ko layin ya yanke. Ya sa wayar a aljihu, ya ɗaga ƙafar dama ta baya ya saƙale tsakanin cinyoyinsa, ya zaro magagari daga burgami.